Igiya, Fata da Ƙwarya: Aikin Hannun Makiyayi

Jawabin da muka yi gaban makiyaya da fataken bisashe a taron ƙarshen damana



Ardo-ardo da hakimai, shugabannin rassan ƙungiya, fatake da dillalan bisashe, iyayenmu mata, samari da ƴan mata, muna yi muku barka da zuwa, muna kuma yi muku sannu da hanya. Mun san akwai waɗanda suka baro garke hannun yara tun shekaranjiya domin su zo nan. Allah shi saka da alheri, shi maida kowa gida lafiya.

Kullum in mun taru, maganarmu ba ta wuce burtali, da rijiya, da allurar rigakafi, da tsadar dusa. Yau kwamiti ya ce mu taɓo wata magana da ake yi wa kallon ƙarama, wato aikin hannu: tufkar igiya, jimar fata, saƙar kaba da gyaran ƙwarya. Ga abin da ya jawo ta. Ranin da ya wuce mun sauka wata rijiya ta arewa inda garkuna suka yi layi. Da hantsi igiyar guga ta tsinke. Samari sun fi goma a bakin rijiyar, kowa da salula cikin aljihu, amma aka rasa wanda ya iya haɗa bakin igiya biyu yadda za ta wuce ta kurar jan ruwa. Suka ɗaura ƙulli, ƙullin ya maƙale, suka sake, ya kwance. Shanu suka yini suna kuka har la'asar, sai da aka hau babur aka ɗauko wani tsoho daga ruga. Ya zauna ya warware bakunan biyu, ya saƙa su cikin juna, kafin a gama dafa shayi guga ya koma rijiya. Da muka dawo muka tambayi kanmu, ran da babu tsohon nan, wa za a ɗauko?

Yinin mai aikin hannu

Mu da muka taso a ruga mun san yadda iyayenmu ke yi. Ba su da rumfa a kasuwa, ba su kuma kiran kansu masu sana'a. Aikin yana tafiya ne tare da kiwo. Da safe bayan tatsa, mutum ya rataya burgaminsa, a ciki akwai wuƙa, da basilla, da ɗan damin ɓawon kalgo ko kaba da ya jiƙa tun dare. In rana ta take, shanu sun kwanta suna tuƙa, sai ya sami gindin aduwa ya miƙe ƙafa, ya maƙale bakin igiya a babban yatsan ƙafarsa, yana murzawa, idonsa na kan garke. Kafin shanu su tashi ya sami gaba biyu ko ukku. Da dare a bakin wuta, ana hira ana ɗinke takalmin da ya tsinke, ko a gyara akumarin jaki. Yaro yana gefe yana riƙe wa babba ɗaya bakin igiyar, da haka hannunsa ke koyo ba tare da an ce masa zo ka koya ba.

Mata kuma in sun dawo tallar nono, sun yi daka, sai a jawo faifan da aka fara jiya. Wata tana saƙar tabarma, wata tana kankare sabuwar ƙwarya, wata tana yi wa rigar mijinta ado da zare mai launi, irin wanda matan Wodaɓe suka shahara da shi. Akwai jin daɗi a cikin wannan aiki, kada mu manta da shi. Wanda ya taɓa gama malafa da hannunsa ya sa ta ranar kasuwa, aka tambaye shi inda ya saya, ya san abin da muke nufi.

Igiya

Igiya iri-iri ce, kowace da aikinta. Ɓawon kalgo ana ɓare shi daga reshe, a cire na waje a riƙe na ciki, a jiƙa a bubbuga har ya yi laushi. Shi ke ba da dabaibayi da igiyar ɗaurin kaya. Ɓawon kuka ya fi shi laushi, kuma kuka tana maida ɓawonta in ba a yi mata mugun ɓara ba. Rama sai an jiƙa ta cikin ruwa kwana da kwanaki kafin zarenta ya rabu da kara. Kaba kuwa, wato ganyen ƙaramar goriba, ana shanya ta, a tsaga, a yayyafa mata ruwa, a tufka. Da ita aka daɗe ana jan ruwa a rijiyoyin da ke kai gaba talatin ko fiye.

Sirrin tufka guda ne. Kowane sili ana murza shi ta gefe ɗaya, sa'an nan a naɗe su da juna ta ɗaya gefen. Wannan na neman warwarewa, wancan na hana shi, sai igiya ta riƙe kanta. Sili biyu sun isa dabaibayi, igiyar rijiya kuwa sai ukku. In za a yi ƙari, ba a ƙara wa sili biyu a wuri guda, domin nan ne za ta tsinke.

Sai kiri, igiyar fatar sa. Ana yanka ɗanyar fata a zagaye tun daga gefe har tsakiya, ta fito doguwar tsiri guda, a jiƙa, a murɗe, a ɗaure tsakanin itace biyu ta bushe a miƙe, sa'an nan a riƙa shafa mata man shanu. Kiri mai kyau uba na iya barin ta ga ɗansa. Dangwalin maruƙa kuma kun san matsayinsa a ruga, ba a tsallake shi don wasa. Ashe bai kamata a ce yau akwai rugar da babu mai iya yi wa dangwali sabon kunne ba.

Gaskiya ɗaya ce, igiyar roba tana da amfaninta. Tana jure ruwa, tana da ƙarfi, ana samunta kowace kasuwa. Ba mu ce kowa ya yar da tasa ba. Amma duk wanda ya yi wa jaki ko raƙumi dabaibayi da ita ya ga yadda take cin ƙafa har ta yi gyambo, ƙuda ya bi. Tana ƙone tafin hannu in guga ya kufce. In rana ta cinye ta sai ta riƙa zubar da gutsattsari, bisa ta haɗiye. Ta kaba in ta mutu, ko akuya ta ci ba komi, saura kuma ya zama taki.

Fata

Yanzu bari mu juya wajen fatake da mahauta, domin wannan ta fi shafarku. Jar akuyar Maraɗi, wadda ƴan'uwanmu na ƙetaren iyaka ke kira jar akuyar Sakkwato, fatarta tana cikin waɗanda duniya ta fi so, saboda laushi da ƙarko. Tun zamanin ayari ake ƙetare hamada da ita, har Turawa suka riƙa kiranta fatar Maroko domin ta can take isa hannunsu. Saboda darajar wannan akuya ne aka buɗe mata cibiyar kiwo a Maraɗi. To mu da ke kiwonta, me muke samu a fatar?

Abin da ke kashe kuɗin fata tun daga hannunmu yake farawa. Na farko, lambar wuta. Mutum ya ɗora ƙarfe mai faɗi a tsakiyar haƙarƙari ko bisa cinya, nan ne kuwa wurin da baduku ya fi bukata. Wurin da wuta ta ci ba ya jimuwa. A sa lamba a kunci ko a ƙasan ƙafa, a kuma rage girmanta, za a gane bisa, fata kuma ta tsira. Na biyu, fiɗa. Wuƙa mai tsini tana huda fata, kowane huji kuwa ragin kuɗi ne. Akuya da tunkiya, in an buɗe, da dunƙulen hannu ake raba fata da nama. Na ukku, shanya. Fatar da aka shimfiɗa a ƙasa cikin rana, samanta ya bushe cikinta ya ruɓe, sai ta je hannun majemi ta narke. A wanke jini, a kankare kitse, a miƙe ta a inuwa inda iska ke bi ta gaba da baya, ko a zuba mata gishiri tun da ɗumi. Ranar Babbar Salla kaɗai, fatun da ke lalacewa a garuruwanmu ba su ƙirguwa.

Jimar gida ba ta bukatar komi daga kanti. A jiƙa fata, a sa ta cikin ruwan toka, ko a yi amfani da fatakka, har gashi ya saki. A ɗora bisa gungume a kankare da wuƙa marar kaifi, a wanke sosai. A daka ƴaƴan bagaruwa a jiƙa, a tsoma fata a ciki, ana juyawa ana sake ruwa har jima ta ratsa. Yadda za ka gane, ka ɗan yanki gefe, in babu fari a tsakiya ta yi. Sai a shafa mai, a murza, a shanya a inuwa. Jan launi daga karan dafi yake fitowa in an haɗa shi da ruwan kanwa, baƙi kuma daga tsohon ƙarfe da aka jiƙa cikin ruwan tsami. Majeman Damagaram da na Tawa haka suka gada, haka kuma matan Buzaye ke yi cikin tanti, su fitar da jakunkuna da matasai da kowa ke sha'awa.

Daga fatar nan ake samun salka, da wasaki, da taiki, da zabira, da kube, da takalmi. Salka sai an zare fatar akuya gaba ɗaya ba a tsaga ciki ba. Tana ɗan tsattsafo, iska na bugunta, shi ya sa ruwanta ke sanyi ko cikin bazara. Ruwan bido kuwa in ya yini a bayan jaki kamar an ɗora shi a wuta.

Mun taɓa tara fatun reshenmu bayan Salla muka kai wa wani ɗan kasuwa a birni. Ya zazzage su, ya ɗaga wannan ya nuna huji, ya ɗaga waccan ya nuna ƙuna, ya ce duka na baya ne, har masu kyaun ya haɗa ya yi musu kuɗi guda. Abin da ya ba mu a kan fata ɗaya bai sayi tiyar hatsi ba. Muka fito muka bi ta layin dukawa, muka tarar da takalmi ƙafa biyu, wanda fata guda ke fitar da fiye da shi, ana sayar da shi ninkin ba ninkin. Ya cuce mu, amma mu muka ba shi ƙofa, domin ba mu ware masu kyau daban ba, ba mu kuma da wani mai saye sai shi. Fatar sa kuwa yawancinta yanzu kudu take tafiya a babbake ta a ci ganda, har mai son yin kiri ko taiki yana rasa ta.

Ƙwarya da kaba

Iyayenmu mata, wannan taku ce. Ƙwarya ba ta zama ta nono sai an fafe duma, an kankare, an jiƙa har ɗaci ya fita. Zanenta wasu da wuƙa mai zafi suke yi, wasu su sassaƙa su shafa farar ƙasa, kuma ta zanen ake gane daga wane dangi ta fito. Wanda ya ga matan Wodaɓe sun jera ƙorensu bisa saga ranar taron dangi ya san dukiya ce ake nunawa. In ta tsage, gyartai ya ɗinke ta ta koma aiki. Ku da kanku kuke gaya mana nonon ƙwarya da na bokitin roba ba ɗaya ba ne a baki, kuma masu saye a gari sun san haka.

Roba ta kawo mana wata masifa, ita ce leda. Saniya tana ci tana rama, a yi ta ba ta magani a banza, ran da aka yanka a tarar da dunƙulen leda da igiyar roba sun cika tumbi. Mahautan da ke nan shaidu ne. A shekarar 2014 an yi dokar hana shigo da leda da sayar da ita a Nijar, amma ga ta nan ko'ina cikin kasuwanni da bakin mashaya. Kwandon kaba ko jakar fata da uwar gida za ta riƙa zuwa cefane da ita tana rage ledar da za ta shigo ruga.

Abin da fari ya koya mana

Kada wani ya ce wannan aikin masu zaman banza ne. A farin 1973 zuwa 1974, da na 1984 zuwa 1985, garkuna sun ƙare, manyan masu dukiya sun wayi gari da sanda kaɗai. Mu muna ƙanana a na biyun, amma mun ji daga bakin iyayenmu, mun kuma ga waɗanda abin ya shafa. Da yawa daga Wodaɓe da Buzaye da suka gangaro Yamai da Maraɗi da Kano, abin da ya raba su da bara shi ne hannunsu. Mata suna ɗinki da kitso da gyaran ƙwarya, maza suna tufka da aikin fata, maƙera suna ƙera azurfa. Da kuɗin nan wasu suka sayi akuya biyu, akuya ta kai su ga karsana. Wanda bai iya komi ba sai kiwo, shi ya fi daɗewa a bakin titi.

Haka kuma a watan Janairu na 1994, da aka karya darajar sefa da rabi, kayan waje suka yi tsada dare ɗaya. Gidan da ke da mai tufka da mai jima bai ji zafin abin kamar gidan da komi sai an saya ba. Guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni.

Wani zai ce, to ina kasuwar? A Yamai akwai masu aikin hannu a gidan tarihi na Bubu Hama, wanda aka buɗe tun 1959, akwai na unguwar Wadata, akwai kuma baje kolin aikin hannun mata da ake kira SAFEM, wanda aka soma a shekarar 2000. Taron shan gishiri na Ingal shi ma wurin ciniki ne. Sai dai mu gaya wa juna gaskiya, baƙi masu yawon buɗe ido da ke sayen kayan ado sun ragu ƙwarai tun da rashin tsaro ya shigo arewa. Kasuwar da ba ta yankewa ita ce tamu. Duk mai jaki yana neman dabaibayi da akumari, duk bafatake mai loda shanu a mota yana neman igiya, duk amarya tana neman faifai da tabarma. Ku duba kasuwar Abalak, ko Dakoro, ko Tanut, ku ga ko mai igiya yana komawa gida da kayansa.

Itacen da aikin ke fitowa

Babu tufka in babu kaba, babu jima in babu bagaruwa. A Gulbin Kaba, wajen Mayahi da Tasawa, inda goriba ta ba kwarin sunansa, tsofaffi suna nuna wuraren da dā kurmi ne. Gonaki sun shiga, masu yankan kaba kuma suna yanke sabon toho tun bai buɗe ba, shekara da shekaru, sai goriba ta tsaya a ƙasa ba ta yin gangar jiki balle ta yi ƴaƴa. A nan mu ma muna da laifi. Mai yanka ya ɗauki ganyen gefe ya bar zuciya, a kowane gungu kuma a bar toho ɗaya ko biyu su tashi. Mai ɓarar kalgo ya ɗauka a reshe, kada ya zagaye gindi. Goriba da kuka da gawo suna cikin itatuwan da dokar daji ta kare, sare su laifi ne.

Dokar karkara ta 1993 ta kafa kwamitocin ƙasa da ake kira Kofo, dokar kiwo ta 2010 kuma ta tabbatar da cewa yawon kiwo haƙƙin makiyayi ne. Wakilanmu da ke zama cikin Kofo, in ana shata burtali ko makiyaya, su tuna ba ciyawa kaɗai muke nema a wurin ba. Su sa a rubuta kaba da bagaruwa da kalgon da ke ciki, domin kada gobe wani ya kewaye ya ce matanmu su biya kafin su yanki ganye.

Abin da muke roƙo

Na ɗaya, kowace ruga ta dubi tsofaffinta, maza da mata, ta san wa ya iya me. Kafin damana mai zuwa, kowane tsoho ya koya wa yara biyu. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Yaran da ke lakwal su ma suna da hutu, boko ba ya hana hannu aiki.

Na biyu, kowane reshe ya naɗa mutum guda da zai bi mahauta da masu layya ya nuna musu fiɗa da shanya, ya kuma tanadi gishiri kafin Salla. A tara fatu wuri ɗaya, a ware su daki-daki, a kira masu saye fiye da ɗaya. Wani kashi a ba majeman da ke kusa su jeme mana, matanmu su yi aiki da shi.

Na ukku, fatake da dillalai, ku ne masu yawo kasuwa-kasuwa. In za ku sayi igiya ko tabarma, ku fara duba ta ƴan'uwanku, ku kuma biya kuɗin da ya dace da wahalar. Tabarmar da ta ci mace mako guda, kada a taya ta kamar an tsinta.

Na huɗu, kuɗin da mace ta samu a aikin hannunta nata ne, kamar kuɗin nono. Maigida kada ya sa hannu sai da yardarta. Mun ga inda aka yi haka, matan suka ajiye basilla, aikin ya mutu.

Na biyar, a taron baɗi kowane reshe ya zo da abin da yaransa suka yi. Za mu shimfiɗa tabarma a nan tsakiya a jera, tsofaffi su duba su faɗi wanda ya fi. Kwamiti ya yi alkawarin ɗan akuya ga yaron da ya fi iya haɗa igiyar rijiya, da wani ga yarinyar da faifanta ya fi kyau.

Tsohon da muka ba ku labarinsa yana nan cikinmu, mun roƙe shi ya zo da kabarsa. Bayan sallar la'asar zai zauna gindin gawon can, duk saurayin da ke so ya je ya riƙe masa bakin igiya.

 Inda muka yi kuskure a gafarce mu, waɗanda suka fi mu sani kuma su gyara. Allah shi ba mu rani mai sauƙi, shi kiyaye mana bisashenmu, shi zaunar da ƙasarmu lafiya.